Ba kwamfuta ce ta sa wa tsoffin katun kala ba

Sau da yawa ina jin mutane na cewa wai tsoffin katun ɗin nan duk baƙi da fari ne, daga baya aka sa musu kala da kwamfuta. Gaskiya an yi wa wasu hakan, amma da yawansu da kalarsu aka fitar da su tun asali, lokacin ko labarin kwamfuta babu.

Tun 1930 mai zanen katun Ub Iwerks ya fitar da katun ɗin Fiddlesticks mai kala a Amurka, sai dai launi biyu kawai fim ɗin ke iya ɗauka, ja da kore, shi ya sa shuɗi baya fita sosai. A 1932 Disney ya kawo Flowers and Trees da tsarin Technicolor mai launi uku, kuma fa har sun fara aikin a baƙi da fari Walt Disney mai kamfanin ya ce a sake, yayansa Roy na ta ƙorafin kuɗi, ƙarshe dai fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Disney ya riƙe wannan tsari shi kaɗai har 1935, dole sauran masu yin katun irin su kamfanin Fleischer suka haƙura da launi biyu.

Abin da yafi taɓa ni shine aikin hannun. Mata ne akasari, suna zaune da buroshi, a zana layi da tawada a gaban wata leda mai garai-garai, a juya ta a shafa fenti ta baya, a jira ya bushe, sannan a ɗora kan hoton bango a ɗauka da kyamara. Hoto 24 ke wucewa duk daƙiƙa ɗaya fa, katun ɗin kuma wajen minti 7.