Suna a Kan Lambar Mota: Nasiha ga Matasan Maraɗi

'Yan'uwana matasa, duk mai lura da motocin da ke shigowa Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa, musamman a kwanakin salla ko lokacin bukukuwan aure, ya san cewa akwai waɗanda lambarsu ba irin ta kowa ba ce. Maimakon haruffa da alƙaluman da hukuma ta jera, sai ka ga suna, ko laƙabi, ko sarauta, wani lokaci har da lamba ɗaya a gefe domin a gane cewa akwai ta biyu a gida. Abin ya fara shiga ran samarinmu, har ya zama abin gardama a fada ana shan shayi: wasu na cewa nishaɗi ne kawai, mutum da kuɗinsa, wasu kuma na cewa tsagwaron fariya ce. Ni ra'ayina ya fi karkata ga na biyun, amma ba da irin zafin da wasu ke faɗa ba, kuma ina so in bayyana dalili.

Mu fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: don wa aka yi lambar mota? Hukumar 'yan sandan birnin Paris ce ta fara tilasta wa motoci ɗaukar lamba a 1893, Ingila kuma ta kafa tata dokar a 1903, ta fara aiki a farkon 1904. Abin da ya kawo dokar a wuraren biyu shi ne an samu abin hawa da ke iya buge mutum ya ɓace kafin a ga fuskar mai tuƙi. A nan Nijar ma, tsarin da muka taso muka tarar yana farawa da alƙalamin jiha, 4 na Maraɗi, 7 na Damagaram, 8 na Yamai, sannan RN, wato Jamhuriyar Nijar a taƙaice, ta yadda ko yaro ya hango plaki ya san daga ina mota ta fito. Wato kujeru da na'urar sanyi da fenti duk na mai mota ne, amma wannan ɗan ƙarfen na gaba da na baya haƙƙin jama'a ne. An yi shi ne domin jandarma, da ɗan duwan, da matar da aka buge wa ɗa a bakin kasuwa.

Saboda haka dole a raba abu biyu da ake haɗawa a gardamar. Akwai lambar da hukuma da kanta ta sayar, ta rubuta a kundinta, wadda idan an bincika za a kai ga mai motar. Akwai kuma wadda saurayi ya je wajen mai zane ya biya aka rubuta masa laƙabinsa, ya kwance ta gaskiya ko ya rufe ta. Wannan ta biyun ita ta fi yawa a tsakaninmu, musamman a kan babura da motocin rakiyar amarya, kuma ita babu gardama a kanta, laifi ce. Ku dubi yadda ranar ɗaukar amarya take: motoci a jere, an manna takarda mai sunan ango da amarya a kan kowace lamba, samari sun zauna a bakin tagogi, 'yan babura suna karkata hagu da dama cikin ƙura. Idan ɗaya ya kwashe yarinya mai tallar gyaɗa ya wuce, mutanen da suka taru a kanta me za su faɗa wa 'yan sanda? Za su ce farar mota ce mai ɗauke da sunan amarya, alhali motoci goma ne ke ɗauke da sunan nan. Wanda ya rufe lambarsa, ko bai yi niyya ba, ya shirya wa kansa hanyar gudu daga haƙƙin wani, kuma haƙƙin da aka guje wa a duniya yana nan yana jira.

Ta farkon, wadda doka ta yarda da ita, ita ce ke buƙatar natsuwa. Ƙasashe sun bambanta a kanta. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana cikin masu kula da lambobin motoci, kuma ana iya neman lamba ta musamman a biya kuɗin da ya ninka na lambar kowa. A Ingila gwamnati ta fara sayar da irin waɗannan lambobi a 1989, kuma a 2014 an sayi lamba "25 O" a kan fam 518,000. Faransa kuwa, tun da ta sauya tsari a 2009, na'ura ce ke ba kowace mota lambarta bi da bi, ba a zaɓa, ba a saye, lambar kuma tana tare da motar har ta mutu. Inda abin ya kai maƙura shi ne ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. A 2008 wani ɗan kasuwa a Abu Dhabi ya sayi lamba "1" a kan dirhami miliyan 52.2, sannan a watan Afrilun 2023 aka sayar da "P 7" a Dubai a kan dirhami miliyan 55, kusan dalar Amurka miliyan 15, abin da ya tasam ma sefa miliyar 9. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Kuɗin wancan ƙarfe guda zai biya ma'aikata sama da 17,000 albashin shekara cur.

Me mai sayen ya saya? Ƙarfen da fentin ba su fi na lambar ɗan kabu-kabu tsada ba. Abin da ya biya shi ne tabbacin cewa babu wani mai irinta, da kuma cewa mutane sun san nawa ta ci. A nan ne nake ganin bambancin lamba da sauran kayan jin daɗi. Mota mai ƙarfi tana kai ka Dakoro ba ta bar ka a hanya ba, ko da wanda ya gan ka ko babu. Na'urar sanyi tana yi maka aiki a zafin watan Afrilu kai kaɗai a cikin daji. Lamba mai suna kuwa, kai da ke riƙe da sitiyari ba ka ma ganinta. Ba ta yin aikin komai sai idan akwai idon wani a kanta. Abin da dukan amfaninsa ya rataya a kan kallon mutane, ya kamata mai hankali ya tsaya ya binciki zuciyarsa kafin ya sa kuɗinsa a ciki.

Kada a fahimce ni da cewa addini ya hana ado. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya ce Ya halicci dawaki da alfadarai da jakuna domin mu hau su, kuma domin ado, sannan Ya ce Yana halittar abin da ba mu sani ba. Mu da muka ga yadda ake yi wa dawaki kwalliya ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maraɗi mun san cewa ƙawata abin hawa tsohuwar al'adarmu ce. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ke da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba, wani ya ce mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai ya amsa cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka babu wanda zai ce lamba ta musamman, a karan kanta, haramun ce.

Sai dai akwai wani hadisin, wanda Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, cewa wanda ya sa tufar neman shahara a duniya, Allah zai tufatar da shi tufar ƙasƙanci ranar ƙiyama. Malamai sun bayyana cewa tufar shahara ita ce wadda mutum ya sa domin ya fita daban a nuna shi da yatsa, ko mai tsada ce ko tsumma. Ku auna da kanku, tsakanin kyakkyawan takalmi da tufar shahara, da wanne lamba mai suna ta fi kama. Kuma ku tuna da labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasas. Alƙur'ani ya ce ya fita a kan mutanensa cikin adonsa, sannan nan take ya juya ga masu kallo, waɗanda suka ce ina ma a ce muna da irin abin da aka ba Ƙaruna. Ɓarnar nuna isa ba ta tsayawa a zuciyar mai nunawa. Yaron da ke wankin mota a tasha, wanda ya goge lambar nan da tsummansa ya karanta sunan da ke kai, ya koma gida da wani lissafi a ransa, kuma ba kowane yaro ne lissafinsa ke ƙarewa a kan haƙuri da neman halal ba.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ta fi shafar mu masu ƙaramin ƙarfi. Attajirin Dubai ya sayi lamba daga rarar dukiyarsa. Saurayinmu kuwa sau da yawa motar ma ba a gama biyan kuɗinta ba, asiransi ya ƙare, tayoyi sun suɗe, mai gyara yana bin sa bashi, amma tunaninsa yana kan yadda sunansa zai fito a gaba da baya. Alhazan da suka kafa sunan garin nan da cinikin gyaɗa da fatauci zuwa Kano ba waliyyai ba ne, su ma suna son a san da su, amma an san su ne da yawan manyan motocin da ke ɗaukar kaya, da yaran da suka ɗora a kan ciniki, da tukunyar da ba ta sauka a ƙofar gida. Suna ya biyo bayan aiki. Wanda ya rubuta sunan tun aikin bai zo ba, ya ɗaura wa kansa nauyin da zai riƙa ciyarwa da bashi.

Akwai dalilin da bai shafi wa'azi ba ko kaɗan, wato tsaro. Babu wanda ke zaune a jihar nan da bai san abin da yankunan Madarumfa da Gidan Rumji suka sha ba na satar mutane domin kuɗin fansa, kuma kowa ya san cewa masu wannan aika-aika suna dogara ne da masu kai musu rahoto. Lamba ta kowa sai an tsaya an karanta an haddace. Lamba mai suna kuwa kallo ɗaya ya isa: an san ka fita, an san hanyar da ka bi, an san makarantar da ake sauke 'ya'yanka da ƙarfe nawa. Ka biya kuɗi domin ka sauƙaƙa wa mai bibiyarka aiki.

Wanda duk da haka ya ga sai ya yi, to ya san abin da ya ɗauka. Daga ranar da ka rubuta sunanka a mota, duk abin da motar ta yi kai ka yi, ko ƙanenka ne ke tuƙi. Idan ta watsa wa tsoho ruwan kwata da damina, an san wa za a zaga. Idan an gan ta da dare a inda bai dace ba, babu mai tambayar wa ke ciki. Abin ya fi muni idan sunan mahaifi ne ko na gidanku, domin ka jawo mutanen da ba su ji ba su gani ba cikin kowane gangancinka. Sunayen Allah kuwa da ayoyi, ina roƙonku ku nisantar da su daga wannan wuri. Lamba tana ƙasa ne, kusa da hayaƙi, inda taɓo da kashin dabbobi ke fantsama, inda mai gyara ke taka ƙafa. Direbobin manyan motoci da ke rubuta addu'a a jikin motocinsu, a can sama suke rubutawa, a goshin mota.

Masu kare abin suna da hujja ɗaya da ba za a raina ba. Gwanjon da aka sayar da "P 7" na sadaka ne, an yi shi cikin Ramadan, kuɗin ya tafi asusun ciyar da mabuƙata, kuma a wasu ƙasashe kuɗin irin waɗannan lambobi baitulmali yake shiga. Na yarda cewa idan mai kuɗi zai yi fariya ko ta halin ƙaƙa, gara a karɓi harajinta a ciyar da mayunwata. Amma wannan dabara ce ta hukuma, ba ta wanke niyyar mai saye ba, kuma cikin mutum bakwai da hadisi ya ce Allah zai sa a inuwarSa akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Haka kuma ɗan kasuwar da ya sa sunan kamfaninsa a motocin aikinsa domin talla, ko motar fada da ke ɗauke da sunan sarauta domin a san ta masarauta ce, hukuncinsu daban ne da na saurayin da ya ba kansa sarautar da babu wanda ya naɗa shi.

Mu kuma da ke zaune a kan benci muna kallo, akwai namu rabon a nasihar. Da yawa daga cikin masu cewa fariya ce, da za a ba su motar da lambar yau, da gobe sun zagaya unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo sau uku. Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato, kuma ba mu da hanyar sanin abin da ke zuciyar wanda ya wuce. Wataƙila sunan mahaifiyarsa ce da ta rasu ya rubuta, wataƙila da lambar ya sayi motar. Idan abokinka ne, ka same shi shi kaɗai ka tambaye shi dalili, ka tuna masa da bashin da ke kansa da hanyar da yake bi da dare. Idan kuma a gidanku ake biki, kai ne ya kamata ka fita tun motoci ba su tashi ba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ɓare takardar da aka manna a kan lamba, a mayar da ita jikin ƙofa ko gilashin baya, ko da abokan ango za su ji haushinka.