Ya kamata mai horar da motsa jiki ya daina cewa "a kawo abin da ya sawwaƙa"

Yawancin matasan da suka riƙi horar da motsa jiki a matsayin sana'a a Kano da Kaduna sun iya aikinsu, amma da zarar an tambaye su kuɗin zama ɗaya, sai kunya ta rufe su, su ce a kawo abin da ya sawwaƙa. A ganina wannan amsa ita ce take kashe sana'ar, domin wanda bai yanka wa aikinsa farashi ba ya bar wa wanda bai san wahalar aikin ba ya yanka masa.

Mai neman horo awa ɗaya yake gani, ita kuma yake lissafawa. Ba ya ganin kocin da ya fito daga unguwar Hotoro a Kano da duku-duku ya hau adaidaita sahu biyu kafin ya isa Rijiyar Zaki, ɗauke da jaka mai igiyar tsalle da tabarmar atisaye da ƙananan ƙarafa. Ba ya lissafa daren da aka zauna ana tsara masa atisayen da gwiwarsa za ta iya ɗauka, ko saƙonnin WhatsApp da yake turowa bayan Isha yana tambaya ko ya ci tuwo ko ya haƙura. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin abin hawa ya bi ta, amma har yau akwai masu horarwa da ke karɓar abin da suke karɓa kafin wannan rana.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda ba kasafai ake faɗa ba, shi ne awoyin da koci zai iya sayarwa kaɗan ne ƙwarai. Mutanenmu suna son horo bayan sallar Asuba kafin a tafi ofis ko kasuwa, sai kuma tsakanin La'asar da Magariba. Tsakar rana kuwa, musamman a zafin Afrilu, babu mai nemanka. Idan azumi ya zo, da yawa sukan dakata har bayan salla, kaɗan ne ke komawa bayan Tarawihi. Da damina kuma ruwan safiya yana rushe zama ba tare da laifin kowa ba. Saboda haka lissafin gaskiya yana farawa ne daga abin da gidanka ke buƙata a wata, ka ɗora kuɗin mota da kason mai jim, wato gidan motsa jiki, da gyaran kayan aiki, sannan ka raba da zaman da kake da tabbacin samu. A misali, wanda buƙatarsa duka ta kai naira 240,000, kuma zama 60 yake samu a wata, in ya karɓi ƙasa da naira 4,000 a zama, daga aljihunsa yake ciko.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma malamin firamaren da likita ya ce masa hawan jini ya kama shi, lallai ya riƙa motsa jiki, ba zai iya biyan irin wannan kuɗi ba. Amma maganin wannan ba karya farashin horon mutum ɗaya ba ne. A haɗa mutum biyar ko shida a fili ɗaya, kowa ya ba da kaɗan, kocin ya sami haƙƙinsa su kuma su sami lafiyarsu. Wanda yake son a zo har falonsa a tsaya a kansa shi kaɗai, ya biya kuɗin wannan keɓancewa. Haka mace mai horar da matan aure a gidajensu, wadda tafiyarta ta fi tsada kuma irinta ba su da yawa, bai kamata a taya aikinta kamar ana cinikin tumatir ba.

Alfarma tana da wurinta. Idan ɗan'uwa ya ce "Koci, ai mu na gida ne," ka faɗa masa cikakken farashin tukuna, sannan ka ce ka rage masa kaza saboda zumunci, domin ya san kyauta aka yi masa, kada gobe ya turo abokinsa da wannan farashin.

Ina kuma ba da shawarar a daina karɓar kuɗi zama-zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, zama uku na awa ɗaya kuwa ya cika wannan, wato zama 12 a wata. A biya su a farkon wata, a kuma yi sharaɗi tun ranar farko cewa wanda zai fasa ya sanar tun daren jiya, in ba haka ba zaman ya shiga lissafi, domin awar Asubar da ya riƙe an hana wani ita. Shi ma kocin sharaɗin ya hau kansa: in ya makara ko bai zo ba, ya rama zaman. Idan kuma ƙarin farashi ya zama dole, a sanar da mutane wata guda kafin ya fara aiki, a rubuce, tare da dalilinsa.