Wanda ba ya cin nama ba lallai ne ya bar ƙwai da madara ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wanda ya daina cin nama, to ya yi sallama da duk abin da ya fito daga jikin dabba ke nan. Ba haka abin yake ba. Masu ƙin komai har da zuma rukuni ne daban. Mafi yawa yanka suke gudu, don haka ƙwai ko madara na nan a kwanonsu.

Dubi Indiya. Mabiya addinin Hindu da dama ba sa taɓa nama, amma shayin madara, kindirmo da man shanu ba sa yankewa a gidajensu. Ƙwai ne ake taƙaddama a kansa. Kayan abinci na leda ko gwangwani a can suna ɗauke da alama: koren ɗigo ga wanda babu nama, madara ma a nan take, amma biskit ɗin da aka sa wa ƙwai alamarsa ruwan ƙasa ce, irin ta nama.

Akwai kuma lissafi a ciki. Kazar gidan gona tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara, kowanne da furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar giram 6, kuma tana nan da ranta. Sa kuwa sai an yi ta ɗura masa masara da waken suya wata da watanni, sannan a yanka sau ɗaya. Abin da ya dawo a tsoka bai kai kashi 10 cikin 100 na furotin da ya ci ba.

Sai dai wannan lissafin na shanun turke ne masu cin hatsi. Saniyar Bafulatani ciyawa da harawa take ci, abin da cikin mutum ba ya narkarwa, ta mayar da su nono.