Ashe firji ma ya san wanda zai yi wa sanyi

Jiya bayan la'asar na shiga wani babban kantin magani, irin mai ƙofar gilashi, don sayo wa Inna insulin. Duk wanda ke da mai ciwon suga a gida ya san wannan zarya, ba sai na faɗa ba. Yarinyar da ke kan kanta tana latse-latsen waya. Na yi sallama, ta amsa a hanci. Na miƙa takardar likita, sai ta zura hannu ƙarƙashin kanta ta zaro kwalba ta dire mini. Na taɓa, ɗumi kamar daga aljihun wani aka ciro ta.

Na ce, "Ƙanwata, wannan ba a firji kuke ajiye ta ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Babu wuta tun safe."

"To ai ga janareta ina jin ƙararsa."

"Malam, za ka saya ko ba za ka saya ba? Akwai mutane a bayanka."

Na waiwaya. Kujera ce kawai a bayana, ita ma ba ta nuna tana sauri ba.

Ina nan tsaye sai ga wata Hajiya, ƙamshinta ya riga ta shigowa, makullin mota a hannu. Ta ce allurar nan ta rage ƙiba take so. Wallahi yarinyar nan har da ɗan rusunawa. "Sannu da zuwa Hajiya, yanzun nan." Ta shige ciki, ta buɗe wani ƙaramin firji da nake jin gurnaninsa daga inda nake, ta fito da Ozempic an naɗe da ƙanƙara. Ashe akwai wuta, ta Inna ce babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne magungunan nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu feftayid ne, wato gajerun sarƙoƙi na amino asid ɗin da jiki ke gina furotin da su. Insulin amino asid guda 51 ne aka jera a sarƙa biyu. Shi ya sa ba a haɗiye shi, ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da nama, sai dai allura. Shi ya sa kuma zafi ke kashe shi: ana so ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a bazara zafinmu na wuce 40. Kuma ba ya wari in ya lalace. Za ka yi wa tsohuwa allura da bismillah, gari ya waye suga bai sauka ba, likita ya hau ta da faɗa wai ta saci tuwon shinkafa. Shi kansa Ozempic ɗin, kamfanin Novo Nordisk na Denmak don masu suga ya fara yin sa, Amurka ta amince da shi a 2017, kafin masu neman siririn ƙugu su yi masa caa. Ba na hassada da ƙugun kowa, Allah ya ƙara sirantarwa.

Amma yarinyar nan ƙaramar alhaki ce, abin da ta gani ana yi take yi. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka gano insulin a Jami'ar Toronto, aka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya-ɗaya don kada talaka ya rasa. Shekara ɗari da ɗoriya, kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwarsa a duniya, mu kuma kowace kwalba da dala ake shigo mana da ita. Tun da aka saki naira a 2023 farashi ya tashi bai waiwayo ba. A shekarar kamfanin magani na GSK ya naɗe tabarmarsa a Najeriya, kamfanin Sanofi ma ya ce sai dai dillalai su riƙa raba masa kaya. A 2024 aka ce shugaban ƙasa ya sa hannu an cire harajin kayan haɗa magani. Madalla. A zo a nuna mini kantin da labarin ya isa.

A Abuja fa, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. A gidanmu aka yi alkawarin, mu ne kuma ba mu taɓa cika shi ba. Oksitosin da ake yi wa mai jego don tsayar da jini shi ma feftayid ne, shi ma zafi na rage masa ƙarfi, a ɗakunan shan magani na ƙauye kuwa wa ya san rabon firji da wuta? Masu suga suna tura insulin cikin randa da jiƙaƙƙen yashi, masu sa ido kan magunguna kuma sai an kira 'yan jarida suke fitowa ƙona jabun kaya. Su manyan, in sugansu ya ɗan motsa, Landan ko Jamus ake kai shi a auna, da kuɗinmu.