Asibitin dabbobi guda babu ko na'urar gwajin jini

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Karyata Barsu ta mutu daren Laraba, kuma kada wani ya zo min da zancen wai ai kare ne. Shekara 4 tana tsare min tumaki a bayan gari nan Gusau, duk wanda ya san halin da muke ciki a Zamfara ya san amfanin haushin kare da ƙarfe biyun dare.

Ta haifi 'yan kwikwiyo biyar, kwana uku bayan nan ta daina ci, ta ƙi shayar da su, wani ruwa mai wari yana fita daga bayanta. Na ɗaga leɓenta na ga dasashi ya yi jajir, jiki zafi rau, numfashi sama sama. Munka sa ta a Keke Napep sai asibitin dabbobi.

Yaron likitan da munka tarar wallahi ya san aikinshi. Ya auna ta, zafi ya wuce 40, alhali na kare mai lafiya 38 ne zuwa 39 da ɗan kai. Ya ce Baba ina zargin mahaifa ta ruɓe, cuta ta bi jini, shi ne sefsis, amma sai an gwada jini zan san inda ta kai. A ƙirga fararen ƙwayoyin jini, a duba wani abu CRP da hanta ke fitarwa, cikin awoyi kaɗan yake tashi idan akwai kumburi a jikin kare, ko da yake shi kaɗai ba ya tabbatar da sefsis sai an haɗa da sauran, a duba laktet wanda ke nuna ko jini na isa gaɓoɓi, sannan suga don yakan faɗi ƙasa. Na ce to bismillah Likita a ɗiba, ko nawa ne zan biya. Sai ya sunkuyar da kai. Babu injin, babu sinadari, firij ma ba wuta. Na'urar suga da ake saidawa a kemis, ita ma babu!

Wai sai dai Sakkwato. Sama da kilomita 200, a bi ta Talata Mafara da yamma da dabbar da ba ta iya tsayuwa, wane direba zai ɗauke ka da kare ma?

Haka anka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta a kan kintace, ruwan ƙari ni na fita na sayo, har da igiyar da allurar. Ya ce da ya ga sakamako da ya san ko a yanka a cire mahaifar nan take ko a fara farfaɗo da ita tukuna. To ina kuɗin da ake warewa kiwon dabbobi duk shekara suke tafiya? Jihar da kusan kowane gida akwai bisa, a ce likita na aiki da ido da tafin hannu kawai.

Kwikwiyo biyu sun bi ta, ukun da sunka rage yarana ke ba su nonon akuya da sirinji.