Ba hunturun Jos ba ne ke kashe batirin motarka

Tun da hunturu ya kama, duk mai fita da sassafe a Jos ya san abin da zai tarar daga Anguwar Rogo har Rikkos: mota a ƙofar gida, bonet a buɗe, yaran unguwa na turi, maigida na tsaki. Kuma bayanin ɗaya ne a majalisa da gareji, har a Facebook, wai sanyin Jos ne ya kashe batir. Wannan magana ta ishe ni. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ɓarnar da take haifarwa ta wuce makara zuwa wurin aiki.

Ba wanda ya musa cewa Jos na kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 10. Sanyi na rage wa batir kuzari, yana sa baƙin mai ya yi kauri, sai kik ya nemi wuta fiye da kullum. To amma ai motoci na tashi a ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan titi. Lafiyayyen batir ba ya jin sanyinmu. Wanda ya ƙi tashi a Janairu tun Maris da Afrilu ya fara mutuwa, lokacin da zafin rana da na inji suka yi ta ƙone ruwansa suna cinye farantan dalmar da ke cikinsa. Hunturu asirinsa kawai ya tona.

Sannan ga abin da ya sauya a kwanan nan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, motoci da yawa sun koma kayan ado. Mota ta yi kwana da kwanaki a ajiye, ranar Juma'a a ɗauke ta zuwa masallaci a dawo. Batir kuwa yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, ga agogo da na'urar tsaro na tsotsa a hankali, kuma tafiyar minti biyar ba ta isa altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ta mayar da abin da kik ya zuƙa. Batirin da ya daɗe da rabin caji, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, daga nan ko an kai shi wurin caji ba ya komawa yadda yake.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne gareji. Ka kai mota ka ce ba ta caji, abu na farko da mai gyaran wutar mota zai yi shi ne ya tada inji ya zare kan batir. In mota ba ta mutu ba, sai ya ce, "Alhaji, altaneta lafiya lau." Wannan dabara ta zamanin Peugeot 504 ce. Motocin da ke yawo a Jos yanzu, har da na Kwatano masu shekara ashirin, kwamfuta ke sarrafa su, kuma batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa. Ka zare shi inji na aiki, wutar na iya yin tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwar motar, abin da kuɗinsa ya ninka na batir. Alhali ƴar ƙaramar mita ta awon wuta, wadda ba ta fi tafin hannu ba, za ta faɗi gaskiya cikin minti ɗaya. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 in inji a kashe yake, in yana aiki kuma ya kamata a ga wajen 14. Garejin da ba shi da wannan mita bai cancanci a ba shi makulli ba.

Haka batun ƙara ruwan batir. Abin da zafi ke ƙonewa ruwa ne zalla, asid ɗin na nan, saboda haka tataccen ruwa ake ƙarawa. Amma mai caji sai ya tuttula asid don mota ta tashi da ƙarfi a gabanka, ka biya ka tafi, farantai na narkewa. Wani kuma na famfo zai zuba. Sai gwajin tartsatsi, a ɗauko waya a goga kai da kai a ga ko akwai wuta. Batirin da ke kan caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ke isa ya kunna. In ya fashe, asid a fuska yake sauka, kuma galibi fuskar yaron gareji ce, ɗan shekara sha uku da ogansa ya ce ya riƙe waya.

Mu ma masu mota ba a bar mu a baya ba. Kan batir ya saki, a buga masa ƙusa da dutse. Maɗaurinsa ya ɓata, a ɗaure da roba ko a tokare da katako. Batirin da ke rawa a ramukan titi zai tsage, ko kansa ya taɓa ƙarfe waya ta kama da wuta.

Masu cewa duk laifin batirin jabu ne da tsadar dala, su fara buɗe bonet su ga ƙusar da ke kan nasu batirin kafin su zagi ƴan kasuwar Dilimi.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramar magana ba shi ne hanya. Mun saba da cewa in batir ya mutu sai a tura, to mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, kuma su ne suka cika gari. Mafi muni, in altaneta ta daina caji ana cikin tafiya, mota za ta ci gaba da shan batir har ya ƙare. Fitilu su dushe, inji ya ɗauke, sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Yanzu ka ɗora wannan a gangaren Hawan Kibo da daddare, tirela na biye da kai, ko fitilar gargaɗi ba za ka iya kunnawa ba. Jan hoton batir da ke haskawa a gaban direba shi ne gargaɗin, amma nawa ne cikinmu ke tsayawa in sun gan shi? Akwai ma masu rufe shi da baƙin salatif don kada ya dame su.

Jami'an kiyaye haɗurra da na VIO kuwa sun fi damuwa da tukunyar kashe gobara. Za su duba ko ta ƙare aiki, amma ba sa leƙa abin da zai tada gobarar. Ɗaga bonet a ga batir a ɗaure yake bai fi daƙiƙa goma ba. Ƙungiyoyin makanikai na Farin Gada da Bukuru su ma suna iya hana mambobinsu zare kan batir da gwajin tartsatsi gobe in sun ga dama, yadda suke iya tara kuɗin ƙungiya ba fashi.

Mataccen batir ma ba a nan labarinsa ke ƙarewa ba. Ɗan gwangwan zai saye shi, ya zubar da asid a kwata, ya fasa ya ciri dalma a tsakiyar unguwa inda yara ke wasa. Mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron dalma, tunda a 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta fitar da dokar kula da batura a 2024, ta kuma rufe wasu masana'antun narka su a Ogijo ta jihar Ogun a 2025. Sai ta ƙaraso Filato, ta tilasta wa duk mai sayar da sabon batir ya karɓi tsohon a shagonsa, ya kuma nuna inda yake kai shi.