Shari'ar kamfanonin taba: takardunsu muke buƙata kafin kuɗinsu

A jihar Minnesota ta Amurka, inda nake zaune yanzu, ba a sayar wa mutum sigari sai ya kai shekara 21, kuma mai kanti zai nemi katin shaida. Kwali ɗaya ya haura dala 10, babu kuma wanda zai ɓare shi ya ba ka kara ɗaya. Ka yi ta yawo a gari ba za ka ga allon tallar sigari a bakin titi ba. Da yawa daga cikinmu da muka zo daga gida Najeriya mun ɗauka son tsari ne kawai irin na Turawa. Wasu dokokin dai majalisa ce ta kafa su, amma a kotu aka fara karya lagon kamfanonin.

A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban majalisar dokokin Amurka, suka rantse cewa a ganinsu sinadarin nikotin ba ya kama mutum. Kafin lokacin, duk mashayin da ya kai ƙara, amsa ɗaya ake ba shi: kai ka zaɓa, ga gargaɗi a jikin kwali. A shekarar ce babban lauyan jihar Mississippi, Mike Moore, ya ɓullo ta wata hanya. Ya ce jiha ba ta taɓa zuƙar ko kara ɗaya ba, amma ita ke biyan kuɗin jinyar talakawan da taba ta kwantar, don haka a mayar mata da kuɗinta. Sauran jihohi suka bi sahu. A watan Nuwamba na 1998 jihohi 46 suka yi sulhu da manyan kamfanoni huɗu a kan aƙalla dala biliyan 206 cikin shekara 25, tare da hana allunan talla da zanen barkwanci irin na raƙumin nan na tallar sigarin Camel da ake jan hankalin yara da shi.

Minnesota ba ta jira wannan sulhu ba. Ta ja su gaban alƙali, ta karɓi dala biliyan 6.1, kuma ta tilasta musu buɗe rumbun takardunsu na sirri, miliyoyin shafuka, har da na kamfanin taba na British American Tobacco, wato BAT, da aka ajiye a garin Guildford na Ingila. A nan ne asiri ya tonu. Duniya ta karanta da idonta cewa sun daɗe da sanin taba na jawo ciwon daji, sun san nikotin ne ke riƙe musu kwastoma, kuma a wata takardar kamfanin R.J. Reynolds an ambaci matasa a matsayin masu maye gurbin mashayan da ake rasawa. Yau kowa na iya duba waɗannan takardu a intanet. A 2006 mai shari'a Gladys Kessler ta yanke hukunci cewa kamfanonin sun shafe shekaru suna yaudarar jama'a, kuma daga 2017 aka sa su faɗin gaskiya da bakinsu a talabijin da jaridu.

Kuɗin fa? Nan ne nake so mu buɗe kunne. Da aka sa hannu a sulhun, kamfanonin suka ƙara kuɗin kwali, mashayi ya biya. Jihohi kuma suka zuba mafi yawan kuɗin wajen cike giɓin kasafi, abin da ake kashewa wajen hana shan taba bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da suke samu daga taba ba. Idan haka ta faru a ƙasar da ake bin diddigin kowane sisi, ku auna yadda za ta kaya a wurinmu.

Mu ma mun gwada. A 2007 jihohin Legas da Kano da Gombe da Oyo suka shigar da ƙara, gwamnatin tarayya ma ta maka BAT da Philip Morris da wani kamfanin a babbar kotun tarayya da ke Abuja tana neman naira tiriliyan 5.3. Jaridu suka yi ta yayata adadin. Daga nan aka shiga jayayya kan hurumin kotu da yadda aka isar da sammaci ga iyayen kamfanonin da ke ƙetare, shekaru suka yi ta tafiya. A ganina mun kwaikwayi Amurkawa a wurin da bai dace da mu ba. Hujjarsu ita ce gwamnati ce ke biyan kuɗin asibitin talaka. A Najeriya wa ke biya? Iyali ne. Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ce huhu ne, 'yan'uwa ke karo-karo, a sayar da fili a Kuje ko Gwagwalada, matar gida ta fitar da 'yan kunnenta. Gwamnati za ta sha wuyar nuna wa alƙali rasit na tiriliyoyi, alhali mafi yawan kuɗin daga aljihun majinyata ya fito.

Ba doka muka rasa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, an sa hannu a dokar taƙaita shan taba a 2015, ƙa'idojin aiwatar da ita suka biyo baya a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara-kara, ta hana talla. Amma je ka tashar Utako ko Nyanya a Abuja da yamma. Ga mai tireda kusa da mai shayi, kwali a buɗe tsakanin alewa da biskit, an ɗaure laita da zare a jikin tebur don kada a wuce da ita. Babba ya miƙa wa yaro canji ya ce, “Kai, karɓo mini kara biyu,” yaron ya ruga, babu mai ɗaga kai. A Wuse 2 da Gwarinpa kuma 'ya'yan masu hali na zaune kan shisha mai ƙamshin tuffa, da yawansu ba su ma ɗauke ta a matsayin taba ba. Ba na ganin laifin mai tireda kamar yadda nake ganin na wanda ya tsara kasuwar ta yadda kara ɗaya zai yi daidai da kuɗin tarar ɗan makaranta.

Kuma kada wani ya ce babban kamfani ya fi ƙarfinmu. Kano ta ja Pfizer kan gwajin maganin sanƙarau na 1996, har aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 a 2009. A ƙarshen 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan BAT na Najeriya bayan bincike kan saɓa dokokin gasa da na taba. A cikin Abuja aka yi wannan.

Abin da nake roƙon lauyoyin gwamnati da ƙungiyoyinmu shi ne, ƙara ta gaba ta nemi kotu ta tilasta wa kamfanoni fito da takardunsu na tallace-tallace a Najeriya: wa suke nufi da kayansu, nawa suke ba dillalai, me suka rubuta wa juna kan matasanmu, wa suka gana da shi lokacin da ake muhawarar dokar 2015. A ajiye su inda ɗan jarida da ɗalibi za su karanta, a fassara muhimmansu zuwa Hausa a karanta a rediyo. A nemi hukuncin da zai ɗora wa kamfani alhakin dillalan da ke raba kayansa. Idan kuɗi ya fito, a rubuta cikin hukuncin cewa asusun yaƙi da taba da dokar 2015 ta tanada zai shiga, da sassan jinyar ciwon daji na asibitocin gwamnati, kuma a riƙa buga lissafinsa kowace shekara.